Asma: Yadda Za Ka Riƙe Ta Ka Daina Kwanan Zaune

Na yi shekaru ina ɗaukar asma baƙuwa. Da hunturu ya kama sai ta zo, in kwana a zaune na jingina da bango, ƙirji na fito kamar kukan ɗan mage, da asuba a kai ni kemis ɗin unguwa a yi min allura, in samu sauƙi, in manta da ita har wata shekarar. Sai da na girma har na haifi yarinya mai irin ciwona sannan wani likita ya ce min: "Malam, ba zuwa take yi ba, tana nan zaune. Abin da kake kira zuwanta, tashinta ne."

Abu uku ke faruwa a ƙirjin mai asma. Cikin hanyoyin da iska ke bi zuwa huhu yana kumbura, tsokar da ta zagaye hanyoyin tana tsukewa, sannan kaki mai kauri ya taru. Tsukewar ce ake ji, ita ce ke sa mutum haki. Kumburin kuwa shiru yake yi, yana nan ko a ranar da kake jin kanka garau. Yawancinmu tsukewar kawai muke wa magani, mu bar tushen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, ta kuma kashe mutum 455,000 a wannan shekarar, akasarinsu a ƙasashe irin namu. Ba don ciwon ya fi tsanani a nan ba, sai don maganin kumburin bai isa hannun mutane ba, ko ya isa ana tsoronsa.

Mataki na farko: ka tabbata asma ce

Asma tana da hali. Tana zuwa ta tafi, ta fi tashi da dare ko da asuba, kuma akwai abin da ke tsokano ta: ƙura, hayaƙi, sanyi, mura, gudu, wani lokaci har dariya mai yawa. Sau da yawa za ka tarar a dangi akwai mai ita, ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido, ko mai ƙaiƙayin fata tun yana ƙarami. Wasu yaran ma ba sa fito ko kaɗan, tarin dare ne kawai da ya ƙi ji ya ƙi gani.

Amma ba kowane haki ne asma ba. Tarin da ya wuce mako biyu, ga rama, ga gumin dare, ko kaki da jini, wannan a fara gwada tarin fuka, kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya. Mai jego da ta fara haki bayan haihuwa, ƙafafu suka kumbura, ba ta iya kwanciya miƙe, zuciyarta za a duba. Wannan ciwon sananne ne a ƙasar Hausa, kuma ba shi da haɗi da asma. Haka dattijon da ya daɗe yana shan taba, ko tsohuwar da ta ƙare rayuwarta a gaban murhun itace: nasu hakin sau da yawa wani ciwon huhu ne daban. Yaron da lafiyarsa ƙalau yana cin gyaɗa kwatsam ya sarƙe ya fara fito, a yi zargin wani abu ya faɗa masa hanyar iska.

A manyan asibitoci irin na koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, akwai na'urar da ake hurawa ta auna ƙarfin huhu. Za ka hura, a ba ka maganin shaƙa, bayan kamar minti 15 ka sake hurawa. Idan iskar da ka fitar a daƙiƙar farko ta ƙaru da kashi 12 cikin ɗari ko fiye, wannan babbar shaida ce. In kana da halin zuwa, ka je ko sau ɗaya ne.

Mataki na biyu: ka san inhelarka biyu

Inhela, wato ɗan gwangwanin maganin da ake shaƙa, iri biyu ce: akwai mai buɗewa, akwai mai karewa.

Mai buɗewa ita ce shuɗiyar da kowa ya sani, salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin. Cikin 'yan mintuna take sassauta tsokar, aikinta ya kai kamar awa 4 ya wuce. Ba ta taɓa kumburin ko kaɗan. Mai karewa kuwa, irin beclometasone ko budesonide, galibi ruwan ƙasa ce, kuma ita ce ainihin maganin asma. Ana shaƙar ta kullum, safe da dare, lafiya ko ba lafiya. Matsalarta ɗaya: ba a jin aikinta nan take. Mutum zai shaƙa kwana biyu ya ce ba ta yi, ya jefa ta a durowa. Sai an yi mako ɗaya zuwa biyu ake fara ganin bambanci, cikakken amfaninta kuma yakan ɗauki watanni. Kar ka dogara da launi kawai, kamfanoni sun bambanta. Ka karanta sunan maganin a jikin gwangwanin.

A 2019 ƙungiyar GINA, wadda likitocin duniya ke bin ƙa'idojinta kan asma, ta sauya shawarar da aka yi shekaru ana bi. Ta ce kada a ƙara barin babba ko matashi a kan shuɗiyar inhela ita kaɗai, ko da asmarsa mai sauƙi ce. Dalili shi ne an ga masu "asma mai sauƙi" suna mutuwa a tashi ɗaya, saboda shuɗiyar tana rufe musu ido kumburin na ci gaba. Ga ma'auni mai sauƙin riƙewa: gwangwani ɗaya fesa 200 ne. In kana ƙarar da uku ko fiye a shekara, asmarka ba a riƙe take ba. Mai ƙarar da ɗaya duk wata yana cikin haɗari na gaske.

Akwai kuma inhelar da ta haɗa biyun. Wadda ke da budesonide da formoterol, irin Symbicort, likita zai iya ɗora ka a kanta ta zama ita ce ta kullum kuma ita ce ta lokacin tashi, ya gaya maka iyakar da ba za ka wuce ba a rana. Amma Seretide, duk da ita ma haɗi ce, ba a amfani da ita lokacin tashi, domin abin buɗewar da ke cikinta ba ya saurin kamawa.

Yanzu maganar tsoro. An ce min, kamar yadda aka ce wa kowa, "in ka fara inhela ka shiga uku, ba ka dainawa." Inhela ba ta sa jaraba. Wanda ka gani ba ya rabuwa da shuɗiyar, ba kama shi ta yi ba, ciwonsa ne ba a yi wa magani ba. Wasu kuma da sun ji an ce mai karewa dangin sitiroyid ce sai su tuna ƙwayoyin "sha ka fashe" da ke kumbura fuska. Bambancin a yawa yake da kuma hanya: abin da ke cikin fesa ɗaya ɗan mitsitsi ne, kuma huhu yake zuwa kai tsaye. Abin mamaki, mai gudun inhelar shi ne zai je kemis ya riƙa sayen prednisolone ko dexamethasone yana sha wata da watanni, kuma waɗannan su ne masu kawo hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da yanar ido. Gudun gara, an faɗa gidan zago. Illar mai karewa da aka fi gani ita ce dashewar murya da farin ƙuraje a baki, kuma kurkure baki a zubar bayan kowace shaƙa yana hana su. A yara tana iya rage kamar santimita ɗaya a tsawon da za su kai. Ni dai na auna santimita ɗaya da daren da na ga 'yata ta kasa kiran sunana, ban sha wahalar zaɓi ba.

Kuɗi kuwa gaskiya ne, inhela ta yi tsada, musamman tun da kamfanin GSK mai yin Ventolin da Seretide ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a 2023. Ka tambayi maganin da sunansa na asali, salbutamol ko beclometasone, akwai na wasu kamfanoni masu rahusa. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ƙwayar salbutamol da ta ruwa sun fi arha, amma sun fi jinkirin aiki, sun fi sa rawar jiki da bugun zuciya. Ƙwayoyi irin Franol da allurar aminophylline tsohon yayi ne, tazarar da ke tsakanin amfaninsu da cutarwarsu kaɗan ce.

Mataki na uku: ka iya shaƙar

A nan aka fi asara. Mutum ya sayi magani da tsada, ya fesa a harshe, ya haɗiye.

Ka cire murfin, ka girgiza gwangwanin sosai. In sabuwa ce ko ta daɗe a ajiye, ka fesa biyu a iska tukuna. Ka miƙe zaune ko tsaye, ka fitar da numfashinka a hankali. Ka sa bakin inhelar tsakanin haƙora, leɓe ya rufe ta ruf. Ka fara jan iska a hankali, kana farawa ka danna sau ɗaya, ka ci gaba da ja har ƙirji ya cika. Ka riƙe numfashin ka ƙirga goma, ko iya abin da za ka iya. In za ka ƙara, ka jira kamar rabin minti, ka sake girgizawa. Idan ka ga hayaƙin na fita ta gefen baki ko ta hanci, ya tafi a banza.

Haɗa dannawa da jan iskar yana ba manya ma wahala, balle yaro, balle mai haki. Shi ya sa ake sa mazubi tsakanin inhela da baki: ka fesa a ciki, maganin ya tsaya, ka shaƙe shi a natse. Ana sayar da shi a manyan shagunan magani, amma in babu, gorar ruwa ta roba mai cin mililita 500 tana yi. Wannan ba dabarar ƙauye ba ce. Likitoci a asibitin yara na Red Cross da ke Cape Town, ƙarƙashin Heather Zar, sun gwada ta a kan yara masu asma, suka wallafa a 1999 cewa aikinta ya yi daidai da na sayarwa. Ka zana siffar bakin inhelar a gindin gorar, ka huda da wuƙa mai zafi daidai yadda za ta shiga ta matse, in akwai ɓaraka ka liƙe da salatif. Ka wanke da ruwan sabulun wanke-wanke, kar ka ɗauraye, kar ka goge da tsumma, ka bari ta bushe da kanta. Hakan ke hana maganin mannewa a jikin robar. Mai ciwon ya sa bakin gorar a bakinsa, a fesa ɗaya, ya yi numfashi sau 5 ko 6, sannan a fesa na gaba. Ɗaya bayan ɗaya, ba a tara su. Yaron da bai kai ya rufe leɓe a kan gora ba, a nema masa na sayarwa mai abin rufe hanci da baki.

Inhelar da maganinta gari ne, wadda ake murɗawa ta yi ƙas, dokarta akasin haka ce: da ƙarfi ake zuƙa, ba a girgiza ta, ba a hura iska a cikinta, ba ta shiga gora. Kuma ko wace iri ce, kar a bar ta cikin mota a zafin Afrilu.

Mataki na huɗu: ka gano mai tsokanar taka

Kowa da nasa. Ka samu ɗan littafi, duk ranar da ta motsa ka rubuta inda kake da abin da ka shaƙa. Wata biyu ya isa ka ga hoton.

Hunturu ba ka da iko da shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da ke tasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, tana rufe mana sama. Abin da za ka iya shi ne ka shige shi da mai karewarka a jiki tun Oktoba, ka sa takunkumi in za ka hau babur, ka rufe taga ranar hazo. Amma na cikin gida ya fi yawa, kuma shi ne muke jin nauyin faɗa. Turaren wuta, misali. A gidana sai da muka yi zaman sulhu da uwargida: ana turara ɗaki ne in mun fita, a buɗe tagogi kafin mu dawo, ɗakin yarinyar kuma ba a kai kasko ko kaɗan. Maganin sauro mai hayaƙi da fiya-fiya mun sallame su, mun koma gidan sauro. Shara sai an yayyafa ruwa, kuma mai asma ba ya cikin masu yi ko masu kallo. Janareto a nesa da taga. Girkin itace ko gawayi a fili, ba cikin rufaffen madafi ba, kuma kada a goya yaro mai asma a tsaya a kan murhu. Katifa da filo a riƙa shanya su a rana, tsohon kafet a naɗe shi, a yaƙi kyankyasai, ɗakin tattabaru da akurkin kaji a raba su da wurin kwana. Taba da shisha ba sai an faɗa ba, har da na wanda ke sha a kusa da kai.

Idan ka lura kana samun sauƙi duk ranar da ba ka je aiki ba, kai mai injin niƙa ne, ko gidan burodi, ko kafinta, ko mai fenti, ko lokacin sussuka ne take kama ka, ka gaya wa likita wannan da bakinka.

Wasu magunguna ma suna tayar da ita. Aspirin, ibuprofen da diclofenac suna sarƙe wasu masu asma, don haka paracetamol ya fi aminci. Magungunan hawan jini irin propranolol da atenolol, da maganin ɗigawa a ido mai suna timolol, kada a ba ka ba tare da an san kana da asma ba.

Zuma da habbatus sauda da citta, wanda yake so ya sha, ban da zuma ga jaririn da bai shekara ba. Amma ba sa buɗe ƙirjin da ya rufe. Abin da nake roƙo a daina shi ne turara wa mai haki hayaƙin magani a lulluɓe shi da bargo.

Mataki na biyar: ka riƙa yi wa kanka hisabi

Duk ƙarshen wata ka tambayi kanka abu huɗu. Ta dame ni da rana fiye da sau biyu a mako? Ta tashe ni daga barci ko sau ɗaya? Na nemi shuɗiyar fiye da sau biyu a mako? Ta hana ni wani aiki? In duka a'a ne, alhamdulillahi. In uku ko huɗu e ne, ka koma asibiti, amma kafin a ƙara maka magani a duba ko kana shaƙar na hannunka kullum kuma daidai. In ka yi wata uku lafiya, likita zai iya rage maka a hankali. Kai dai kar ka yanke da kanka.

Mai hali ya sayi ɗan ma'aunin hura iska. Ka san lambarka mafi kyau lokacin da kake lafiya. Kashi 80 cikin ɗari na wannan lambar zuwa sama lafiya ce, tsakanin 50 da 80 gargaɗi ne, ƙasa da 50 asibiti ne.

Motsa jiki ba a hana mai asma. Yaro ya buga ƙwallonsa. In gudu na tayar masa, ya shaƙi fesa biyu na shuɗiyar minti 10 zuwa 15 kafin ya fara. Mai ciki kada ta ajiye inhelarta, domin ƙarancin iska ya fi cutar da ɗan cikin nesa ba kusa ba. Da azumi, ta safe a shaƙe ta da sahur, ta dare bayan buɗa baki. Game da shaƙa da rana, malamai irin su Ibn Baz da Ibn Usaimin sun yi fatawar cewa ba ta karya azumi, wasu kuma suna ganin tana karyawa. Ka tambayi malamin da ka natsu da shi tun kafin wata ya kama. Amma in ƙirji ya rufe, ka shaƙa, marar lafiya yana da rangwame.

Mataki na shida: in ta tashi

A zaunar da shi, ya ɗan sunkuyo gaba, kar a kwantar da shi. A sassauta tufafi, a rage taron mutane a kansa, a fitar da shi daga hayaƙin ko ƙurar. A ɗauko shuɗiyar da gora. Babba da yaro mai shekara 6 zuwa sama, fesa 4 zuwa 10, ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa da haka, fesa 2 zuwa 6. Ana iya maimaitawa bayan kowane minti 20 har sau uku cikin awa ɗaya. Rawar hannu da bugun zuciya za su iya biyo baya, suna wucewa. Inhela da gora, in an yi daidai, ba ta gaza injin turaren magani na asibiti ba a yawancin tashi.

Akwai alamun da ba a jiran awa ɗayar. Ya kasa ƙarasa jimla ba tare da ya tsaya numfashi ba. Fatar tsakanin haƙarƙari ko ta ƙasan maƙogwaro tana lotsawa. Jariri ya kasa kama nono. Harshe ko cikin leɓe ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi. A fatarmu nan ake dubawa. Ya fara gyangyaɗi ko sambatu. In akwai abin maƙalawa a yatsa mai auna iskar oksijin a jini, ta sauka ƙasa da kashi 92 cikin ɗari. Mafi yaudara duka: fiton ya ɗauke alhali hakin na nan. Mutane sukan ce "ya lafa," nan kuwa iskar ce ta daina shiga. Ko ɗaya aka gani, a tare a daidaita sahu ko motar maƙwabci a tafi, ana ci gaba da fesa masa a hanya. Kar a ba shi maganin barci ko maganin tari mai sa maye, kar a tsaya neman maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba shi ne matsalar ba.

A asibiti za su sa masa iskar oksijin, su ci gaba da salbutamol, su ba shi prednisolone. Wannan shi ne gurbinta na gaskiya: babba miligiram 40 zuwa 50 a rana na kwana 5 zuwa 7, yaro gwargwadon nauyinsa na kwana 3 zuwa 5, sannan a tsaya.

Bayan an sallame ku, ku koma cikin mako guda ko da ya warware sarai, ku tafi da duk inhelar da ke gida da gorar, ya shaƙa a gaban likita a gani. Ku roƙi a rubuta muku a takarda ɗaya: maganin kullum da yawansa, abin yi in ta motsa, da lokacin garzayawa asibiti. Tamu kwafi uku muka yi. Ɗaya na manne a bayan ƙofar ɗaki, ɗaya na wurin kakarta inda take zuwa hutu, ɗaya kuma na cikin jakar makarantarta tare da inhela da gorar, malamar ajinsu ta san aljihun da suke.